Karatun littafi yana gyara hali kuwa, ko dai zato ne kawai?

Malamin Gangare:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta daɗe tana cina, ina so mu baje ta a nan kowa ya tofa albarkacin bakinsa.

Idan aka tambayi mutane amfanin karatun littafi, amsar da ake bayarwa ita ce ƙarin ilimi, ko gyaran harshe, ko cin jarrabawa. Duk gaskiya ne. Amma ni abin da na fi gani yana koya wa mutum shi ne jira. Wanda ya saba zama da littafi mai kauri ya san ba a yanke wa mutum hukunci a shafi na goma. Wanda ka tsana a farkon labari kana iya zuwa tsakiya ka ga dalilinsa, wanda ka amince da shi kuma ya ba ka kunya a ƙarshe. Idan ka yi ta maimaita wannan shekara da shekaru, sai ya zame maka ɗabi'a: ka ji magana, ka dakata, ka ce bari in ji sauran.

Mu mutanen Jos mun san farashin rashin wannan dakatawar. Duk wanda ya ga rikicin 7 ga Satumba 2001, ya ga na Nuwamba 2008, ya ga na Janairu 2010, ya san yadda "an ce ana yi a can" take tashin unguwar da babu abin da ya same ta. A da a baki ake yawo da jita-jita, yanzu saƙon murya ne a WhatsApp, kafin ka gama alwala ya zagaye gari. Ɗalibaina na sakandare da yawa ba sa iya kai ƙarshen shafi ɗaya ba tare da hankalinsu ya tashi ba. Wannan ne yake ba ni tsoro, fiye da faɗuwa jarrabawa. Ko ni kaɗai nake ganin alaƙa tsakanin abubuwan nan biyu?

Mai Kanti a Bauchi Road:
Wa alaikumus salam. Malam, da girmanka, ban yarda ba. Su wa suke rubuta takardun tunzura jama'a? Su wa suke hawa mumbari ko su riƙe makirufo su hura wuta? Jahilai ne? Masu digiri ne, masu ɗaki cike da littattafai. Su kuwa waɗanda suka ɓoye maƙwabtansu a ƙarƙashin gado a kwanakin nan da ka lissafa, da yawansu tsofaffin mata ne da ko sunansu ba sa iya rubutawa. Mahaifina bai taɓa karanta littafin boko ba, amma idan mutum biyu suka kawo masa ƙara ba ya buɗe baki sai kowa ya gama. Tarbiyya ce, ba takarda ba.

Malamin Gangare:
Alhaji, ban ce littafi ne kaɗai hanya ba. Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ya koyi sauraro a zauren da ake zama ana jin magana har ƙarshe. Ina wannan zauren yanzu? Yaranmu a ina za su koya?

Mai Kanti a Bauchi Road:
Amin. To a dawo da zauren mana. Amma dai ba ka amsa mini batun masu digirin ba.

Ɗalibar Naraguta:
Baba Alhaji, bari in gwada amsawa, in an ba ni dama. Mai digiri daban, mai karatu daban. A jami'a muna da waɗanda za su gama shekara huɗu ba su karanta littafi ɗaya daga bango zuwa bango ba. Takardun lacca ake haddacewa daren jarrabawa, a juye a takardar amsa, a fito a manta. Irin wannan karatun ba ya taɓa halin kowa. Akwai kuma mai karanta abin da ya riga ya yarda da shi kaɗai, kullum yana neman hujjar da zai ƙara ɗaure ra'ayinsa. Shi wannan littafi ƙara masa taurin kai yake yi. Ina ga Malam yana magana ne a kan wanda yake karanta abin da zai iya saɓa masa, kuma ya daure ya kai ƙarshe.

Hajiyar Rikkos:
Sannunku da muhawara. Ni ban yi nisa a boko ba, aji uku na sakandare aka yi mini aure, don haka ba zan yi muku maganar manyan littattafai ba. Abin da na karanta shi ne waɗanda ake rainawa, littattafan Hausa da suka fara fitowa daga Kano tun wajen tsakiyar shekarun 1980, waɗanda ake ce wa na soyayya. Haya muke ɗaukowa, a ba yaro kuɗi ya je ya karɓo, littafi ɗaya ya zagaye gida biyar kafin a mayar, bangonsa duk ya sha manja. Idan labarin kashi uku ne, sai ki gama na ɗaya ki yi ta aike ko na biyu ya dawo.

An zage mu a kan littattafan nan ba kaɗan ba. An ce suna lalata mata. Ban musa ba akwai marasa kyau a ciki, har yau akwai, na waya ma sun fi muni. Amma bari in faɗa muku abin da suka yi mini. Lokacin da maigidana ya ƙara aure, zuciyata ba ta da wani hoto na amarya sai na wadda ta zo ƙwace mini gida. Abin da ya sassauta ni shi ne na riga na karanta labarai da yawa da aka rubuta daga ɓangaren amaryar. Yarinya ƙarama, an kai ta gidan da ba ta san kowa ba, kowane tari na uwargida tana fassara shi, tana kuka a ɗaki ba mai lallashi, tana tsoron girkinta na farko. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin ita ma tsoro take ji ba sai a takarda. Ba wa'azin da ya shigar mini da wannan kamar yadda labari ya yi, domin wa'azi yana ce miki ki yi haƙuri ne, labari kuwa yana sa ki kwana a ɗakinta.

Ba na ce kishi ya fita ba, kishi kumallon mata ne. Amma yau 'ya'yanta a ɗakina suke cin abinci. Kuma yawancin marubutan nan mata ne irinmu, suna rubuta auren dole da saki da cire yarinya daga makaranta tun lokacin da ba mai iya faɗin haka a fili.

Ɗalibar Naraguta:
Mama, wallahi wannan maganar ta fi duk abin da zan iya kawowa. Allah ya ƙara zaman lafiya.

Almajirin Zaure:
Allah ya saka wa Hajiya da alheri. Ina tare da Malam a kan jira, amma ina da gyara. Mu a tsarin da muka gada, ba a sakin mutum da littafi shi kaɗai. Za ka durƙusa gaban malami da Ahalari, ka karanta layi biyu ko uku, ya fassara, ya warware, ka tashi. Gobe sai ka biya na jiya kafin a yi maka ƙari. Ka sauke shi ka shiga Ishmawi, ka shiga Iziyya, ka shiga Risala, kowanne da lokacinsa. Mai gaggawa ba ya daɗewa a zaure. Kuma kafin layinka ya zo ka saurari karatun mutum goma da suke gabanka, wani yana littafin da sai bayan shekaru za ka kai.

Abin da ake koya a nan ya wuce abin da ke cikin takardar. Kana ganin malamin da ya tsufa a kan littafi an yi masa tambaya ya ce sai ya duba. An san Imamu Malik da yawan cewa bai sani ba, shi da mutane suke tafiyar watanni don su tambaye shi. Kuma batun jita-jita da Malam ya kawo, ai Alƙur'ani ya riga ya yi magana a Suratul Hujurat, aya ta 6, inda aka umarce mu da bincike idan fasiƙi ya zo da labari, don kada mu cutar da mutane cikin rashin sani mu wayi gari muna nadama.

Abin da nake tsoro shi ne yaron da ya sauke fassarar littafi ɗaya a waya, ya karanta a dare biyu, da safe ya fito yana kafirta kakansa. Shi ma ai karatu ya yi. Don haka ni a wurina tambayar ba ta tsaya a kan ana karatu ko ba a yi ba. A gaban wa ake yi?

Ɗalibar Naraguta:
Allah ya gafarta Malam, a fagen fiƙihu da aƙida na yarda ɗari bisa ɗari. Amma ka tuna mata nawa ne suke da damar zuwa zaure su durƙusa kullum? Ni akwai tambayoyin da ba zan iya yi wa kowane malami namiji ba, har mahaifina. A littafi na sami amsarsu, ni kaɗai a ɗaki. Nana Asma'u ma ai ta ga wannan matsalar tun a ƙarni na 19. Shi ya sa ta rubuta waƙoƙi da Fulatanci da Hausa, ta ba jajis, wato malamai mata masu yawon koyarwa, su kai wa matan karkara ta hanyar ƙungiyar karatun mata ta 'Yan Taru. Ba ta jira sai sun iya zuwa Sakkwato ba.

Almajirin Zaure:
Gaskiya ne, 'yata. Amma lura, ba takarda kawai ta aika ba, ta haɗa da jaji mai bayani.

Dattijon Tudun Wada:
Gaisuwa ga kowa. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa ban sa baki ba, amma wannan ta taɓa ni. Ni Kirista ne, tsohon malamin firamare, kuma da Hausa na fara karatu kafin Turanci, kamar yawancin sa'o'ina a Filato. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa tun 1932, da shi iyayenmu suka koyi haɗa baƙi. Mahaifina ya yi aikin kuza a wajen Bukuru. A barikin ma'aikata akwai Bahaushe, akwai Birom, akwai Ngas, akwai mutanen Borno da na Kudu, kuma idan Gaskiya Ta Fi Kwabo ta iso, wanda ya iya karatu shi zai zauna a tsakiya ya karanta da ƙarfi kowa ya ji. Jaridar nan a 1939 ta fara fitowa daga Zariya. Ba mai tambayar addinin mai karantawa. Ana gamawa gardama ta tashi, a yi ta yi har dare.

Abin da nake so in ƙara a kan maganar Malam shi ne wannan. Bayan 2001 garin nan ya rabu, kowa ya san haka. Unguwannin da muka tashi a cakuɗe sun zama na ɓangare ɗaya. Jikokina ba su da aboki Musulmi irin waɗanda na yi wasan ƙasa da su, kuma na tabbata jikokin wasunku ba su taɓa shiga gidan Kirista sun sha ruwa ba. Yaron da bai taɓa zama da mutum ba, duk abin da aka gaya masa a kansa zai yarda.

Da na yi ritaya na nemi fassarar Alƙur'ani ta Hausa ta Shaikh Abubakar Gumi na karanta a hankali. Ban canja addini ba, ban kuma yi niyya ba. Amma tun daga lokacin, idan wani ya tashi a taro ya ce littafinsu ya ce kaza, ina iya cewa ɗan'uwa, nuna mini wurin. Sau da yawa ba ya iya nunawa. Ina fata a cikinku ma akwai wanda zai iya yi mana irin wannan idan ba ma wurin.

Mai Kanti a Bauchi Road:
Baba, ranka ya daɗe, na ji wannan har cikin raina. Sai dai ka duba, kai ka riga ka yi wasan ƙasa da Musulmi kafin ka buɗe fassarar. Zuciyarka ta riga ta san mu. Wani zai buɗe littafin nan ne don neman abin da zai jefe mu da shi, kuma a ɓangarenmu ma akwai masu yin haka da naku. Shi ya sa nake cewa zama tare shi ne tushe.

Dattijon Tudun Wada:
Ban ƙi ba, Alhaji. Amma zaman taren ya yi ƙaranci, ni kuma ba ni da ikon mayar da mutane gidajen da suka bari. Littafi kuwa ina iya miƙa wa jikana yau da yamma.

Tsohon Mai Sayar da Littattafai:
Ni sana'ata ce, don haka bari in faɗi abin da idona ya gani. Ina da rumfa a babbar kasuwar Taminus har gobarar 2002 ta cinye ta. Daga nan na koma shimfiɗa a bakin titi, na gwanjo da sababbi, na addini da na makaranta da na labari.

Masu saye iri-iri ne. Akwai mai zuwa da mota ya ce a ɗaure masa manyan mujalladai masu ruwan zinare a bango, ka san kabad za su je su zauna. Akwai uban da zai yi ta ciniki a kan littafin lissafi na ɗansa har ka ji tausayinsa ka sayar a faɗuwa. Sai kuma yaran da ba su da ko sisi, su tsuguna a gefen shimfiɗa su karanta shafi biyar yau, su riƙe lambar shafin a ka, gobe su dawo su ci gaba. Ban taɓa korarsu ba. Cikinsu akwai waɗanda yanzu suke tsayawa da mota su gaishe ni.

Amma darasin da na fi ɗauka yana wajen aro. Ka ba mutum aron littafi ka ga yadda zai dawo da shi, ka san wanda za ka ba bashi. Wani zai dawo da shi ya yi masa bango da takardar siminti. Wani sai ka bi shi, ya ce wai yana wurin ƙaninsa. Ban taɓa ganin wannan awon ya yi ƙarya ba. Su yaran nan masu tsugunawa, da na fara ba su aro su tafi gida da shi, kusan dukkansu suna dawowa da shi a ranar da muka yi.

Abin da ya kashe kasuwar yanzu tsada ce. Takarda daga waje ake shigo da ita, Naira ta faɗi, uba yana fama da kuɗin masara ba zai sayi littafin labari ba. Kada mu ɗora wa yara laifin duka.

Ɗan Keke na Farin Gada:
Iyayena ku yi haƙuri in tambaya. Ni daga safe har dare ina kan hanya, ba ni da lokacin riƙe littafi. Amma ina sauraron littattafan Hausa da ake karantawa a YouTube, da tarihin Annabawa, da na sarakuna. Wani labarin sai in yi sati ina binsa. Ni ma ina cikin masu karatun ko ba na ciki?

Malamin Gangare:
Ƙanena, kana ciki. Abin da Baba ya ba mu labari na barikin kuza ai shi ne wannan, ɗaya yana karantawa saura suna ji. Wanda ya bi labari sati guda ya koyi jiran da nake magana. Abin da kawai takarda ta fi shi ne kana iya tsayawa, ka koma baya, ka ce a'a, wannan bai yi daidai da abin da ya faɗa ɗazu ba. Murya tana wucewa da kai ne, musamman idan mai karatun ya iya zaƙin baki. Kuma waya ba ta barin mutum da abu ɗaya, kana tsakiyar labari saƙo zai shigo.

Alhaji kuma, na saurare ka. Na karɓi cewa littafi ba ya mayar da mugu nagari. Inda nake tsaye shi ne, yaro mai kyakkyawar zuciya ma yana bukatar wurin da zai yi atisayen haƙuri da dogon zance, kuma a yau ban ga wuri mai sauƙin samu kamar littafi ba.

Ɗalibar Naraguta:
Ƙarin abu ɗaya. Yara da yawa suna ganin littafi abin wasu ne can, Turawa ko mutanen Legas. A gaya musu Abubakar Adam Ibrahim a garin nan aka haife shi, a Jami'ar Jos ya yi karatu, kuma a 2016 ya ci kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG ta dala 100,000, da labarin da rikicin Jos yake cikinsa. Ranar da na karanta shi ne na fara sanin cewa abin da ya faru da iyayenmu abin rubutawa ne, ba abin yin shiru kawai ba. A gidanmu ba a taɓa zama an ba mu labarin yadda muka bar tsohuwar unguwarmu ba. Bayan na gama littafin ne na sami ƙarfin tambayar mahaifiyata, ta yi kuka, sannan ta faɗa mini.

Dattijon Tudun Wada:
'Yata, Allah ya ta'azantar da ita. A tuna musu kuma da gasar 1933, wadda wani Baturen jami'in ilimi, Rupert East, ya shirya daga Zariya, inda aka sami littattafan ƙagaggun labarai na farko da Hausar boko. Cikin waɗanda suka rubuta akwai Abubakar Imam, akwai wani malamin makaranta daga Bauchi nan kusa da mu, Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya zo ya zama Firayim Minista. Malaman makaranta ne matasa masu yawan karatu, ba wasu mutane daga sama ba.

Hajiyar Rikkos:
To ni yanzu tambayata ta aiki ce. Ina da jikoki mata uku a gabana, babbar tana aji biyu na sakandare. Waya ba zan ba su ba, na ga abin da ake turawa a rukunonin littattafai na WhatsApp, wasu ko ni da tsufana ba na iya karantawa. Na takarda masu kyau kuma sun yi wuyar samu a nan, sai an yi saƙo Kano ko Zariya. Baba mai littattafai, kana da sauran tsofaffin nan na makaranta?

Tsohon Mai Sayar da Littattafai:
Akwai kwali biyu a gida, Hajiya, wasu asu ya ɗan taɓa gefensu amma ana karantawa. Ba na sayarwa ba ne, aro zan bayar, ɗaya bayan ɗaya. Idan ta dawo da na farko ta ba ni labarin abin da ke ciki da bakinta, sai ta ɗauki na biyu.

Almajirin Zaure:
Wannan sharaɗin ya yi mini, domin biya ce kafin ƙari. Ni ma ina da na tarihi da zan haɗa a ciki. Na fiƙihu dai ba zan sa ba, wanda yake so ya zo da kansa bayan sallar Asuba.

Mai Kanti a Bauchi Road:
Ni har yanzu ina kan bakana, tarbiyya ce gaba. Amma idan wurin ajiya ne matsala, akwai kanta ɗaya a shagona da ba komai a kai, a kawo kwalayen nan. Sharaɗina shi ne yaran Tudun Wada ma su zo su ɗauka da ƙafarsu, kada a aika musu. Baba, kai za ka rako su karon farko, in sa a dafa shayi.

Dattijon Tudun Wada:
Sai na yi magana da iyayensu tukuna, domin uwar ba ta cika son su tsallaka wannan ɓangaren ba. Zan sanar da kai abin da suka ce.